Waƙa da rediyo kyauta a intanet: me ke cinye data, kuma wa yake samun kuɗin?

"Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne, mutumin Funtuwa, amma a Agege nake sana'a. Tun safe har dare ina kan keke, kuma ba na jin daɗin aiki sai da waƙa ko rediyo a kunne. Ana ta ce mini yanzu komai kyauta ne a intanet, har gidajen rediyon gida ana kamawa daga nan Legas. To amma ni in na sa data ko kwana uku ba ta yi. Wani yaron shagona ya ce zai sa mini wata Spotify da aka fasa, ba talla ba biya. Tambayata ita ce: da gaske akwai hanyar sauraro kyauta? Wacce ta fi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi? Kuma anya ba haƙƙin mawaƙa muke ci ba?"

Wa alaikumus salam, maigida, Allah ya yi wa sana'a albarka. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko sauraron nan na kyauta gaskiya ne, yadda za ka yi shi ba tare da data ta talauta ka ba, da kuma ko mai waƙar yana samun wani abu daga sauraron da kake yi. Aikina kula da na'urori ne a gidan rediyo, har da kwamfutar da ke tura shirye-shiryenmu zuwa intanet, kuma nakan taimaka wa ƙananan mawaƙa wajen ɗora waƙoƙinsu. Daga abin da nake gani a nan zan ba ka amsa. Hukuncin kiɗa a addini kuwa na malamai ne. Lissafin da zan yi maka ɗaya ne, ko waƙa kake ji ko karatu ko wa'azi.

Amsar farko ita ce e, akwai hanyoyin da doka ta yarda da su, ba sai ka biya kamfanin ko sisi ba. Sai dai a ƙasarmu babban kuɗin sauraro yana tafiya ne wajen kamfanin layin wayarka. Wanda ya gane wannan ya gyara saitin wayarsa zai iya rage abin da yake kashewa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu ko ƙasa da haka, kuma bai daina jin komai ba.

Daga kaset zuwa manhaja

Ka san yadda abin yake a da. Mutum ya sayi kaset, ko ya kai fanko a ɗaukar masa, dillalan Ƙofar Wambai a Kano suna raba kaya har Nijar. Faifan CD ya zo, bai daɗe ba memori ya ture shi. A nan 'yan daunlodin suka samu sana'a: matashi da laftof a ƙarƙashin lema a bakin tasha, ka miƙa masa memori da 'yan canji ya cika maka. Daga baya aka koma turawa waya zuwa waya ta Bluetooth da Xender. Tun daga zuwan memori, galibin kuɗin da mai sauraro ke biya a hannun mai turawa yake tsayawa. Mawaƙi sai dai ya samu suna, sunan ya jawo masa gayyatar biki.

Turawa ma sun sha irin wannan. A 1999 aka fito da Napster a Amurka, matasa suka riƙa musayar waƙoƙi ba biya, har kamfanonin waƙa suka kai ƙara aka rufe shi a 2001. Amma mutane sun riga sun ɗanɗana, rufe shafi ɗaya bai mayar da su kantin faifai ba. Sai Spotify, wanda Daniel Ek da Martin Lorentzon suka kafa a Suwidin, ya fara aiki a 2008 da wata dabara: a bar mutum ya saurara bai biya ba, a riƙa sako masa talla, kuɗin tallar a raba da masu waƙa, wanda talla ta ishe shi ya biya kuɗin wata a cire masa. Wannan tsari ne kusan kowa ya bi. Spotify bai buɗe wa Najeriya ƙofa ba sai Fabrairun 2021. Kafin nan Boomplay ya riga shi tun 2015, kuma ya yi saurin yaɗuwa saboda yana zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel tun daga kwali, don yana da alaƙa da Transsion, kamfanin da ke ƙera su.

Lissafin da ya kamata ka riƙe

Sauraro kai-tsaye da saukewa abu biyu ne, kuma a nan yawancin mutane ke yin asara. In kana sauraro kai-tsaye, wayarka tana janyo sautin guntu-guntu daga intanet, tana kunnawa tana zubarwa. Kamar mai sayen ruwa kofi-kofi ne wajen ɗan garuwa, alhali da ya cika randa sau ɗaya da ya huta. Waƙar da ka ji sau ashirin a mako kana iya biyan datarta sau da yawa, sai dai in manhajar ta ɓoye maka kwafi a ciki, kuma ba kullum take yi ba. Wadda ka sauke kuwa sau ɗaya ka biya.

Nauyin sauti ana auna shi ne da yawan kilobit da ke wucewa a kowane sakan, shi ne lambar da za ka ga an rubuta kbps a gefenta. Lissafin ba wuya. Sauti mai 128 yana cin kusan megabait 58 a awa. Mai 64 yana cin 29. Mai 32 yana cin 14 da 'yan kai. Mai 320, wanda masu biya ke alfahari da shi, 144 yake ci a awa. Bari mu ɗauka kana kan keke awa 8 a rana, kwana 26 a wata, awa 208 ke nan. A kan 128 za ka ƙone gigabait 12 a wata. A kan 64, gigabait 6. A kan 32, gigabait 3. Ka duba farashin data na yau, musamman tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, ka ga bambancin da ke tsakanin 12 da 3.

Ina kyautata zaton ma ba sauti ne ke cinye maka data ba, bidiyo ne. Yawancin mutanenmu in sun ce suna jin waƙa a intanet, YouTube suke nufi, ko Facebook, ko TikTok. Ka kunna, ka kifa wayar a kan teburin yanka, idonka yana kan allura, amma wayar tana ta janyo hoton da babu mai kallonsa. Bidiyo ko a matsakaicin haske ne, wato ingancin hoton, yakan ci megabait 200 zuwa 300 a awa, in kuma wayar ta ga netwok ya yi ƙarfi ta ɗaga hasken da kanta, abin ya ninka. Awa 8 a haka ta isa ta lashe gigabait 2 a wuni. Ga inda datarka ta kwana uku take zuwa.

Za ka ce to ai rage nauyi rage daɗin sauti ne. Gaskiya ne a kunnen wanda ke zaune a ɗaki shiru da babban abin kunne mai tsada. Kai kuwa a shago kake, keke yana ƙara, janareta yana ƙara, danfo yana oda a titi, kuma sautin daga ƙaramar sifika yake fita. A irin wannan wuri bambancin 64 da 320 ba ya isowa kunne. Balle tsofaffin waƙoƙinmu na kalangu da kotso da kuntigi, waɗanda daga kaset aka kwafo su: abin da kaset bai ɗauka ba tun farko, babu lambar da za ta dawo da shi. Waƙa mai tsawon minti 25 a kan 64 megabait 12 ce kacal. Waƙar zamani mai minti 4 a kan 128 ba ta cika megabait 4 ba, wato waƙa 100 ba ta wuce megabait 400 ba. Ka ga da datar dare ɗaya, irin mai arahar nan da kamfanoni ke sayarwa daga tsakar dare zuwa asuba, za ka tara abin da zai yi maka makonni.

Wace manhaja?

Ga mai sana'a irinka, abin da zan fara dubawa shi ne ko manhaja tana barin wanda bai biya ba ya sauke waƙa ya ji ba data. A nan Audiomack ta yi fice. Kamfanin Amurka ne da aka kafa a 2012, kuma abin da ya sa ta karɓu a Najeriya shi ne waƙoƙi da yawa ana iya sauke su cikin manhajar kyauta, sannan mawaƙi yana iya ɗora waƙarsa da kansa bai biya kowa ba. Shi ya sa za ka samu ƙananan mawaƙan Kano da Kaduna da Jos a can tun kafin su bayyana a wani wuri. Boomplay ma tana barin a sauke wasu, wasu kuma ta kulle sai mai biya. Akwai Mdundo ta Kenya, wadda ke ba ka waƙar ka sauke amma da 'yar talla manne a jikinta. Ka lura, abin da ka sauke a cikin Audiomack ko Boomplay galibi a cikin manhajar yake zama, ba za ka tura wa wani ta Xender ba, kuma in ka goge manhajar ya tafi. Da gangan aka yi haka.

Spotify ta kyauta ba ta barin saukewa, tana da talla, tana kuma taƙaita wasu abubuwa. Amma in za ka yi amfani da ita, shiga saiti ka mayar da ingancin sauti kan mafi ƙanƙanta, wanda yake wajen 24, kusan megabait 11 a awa, ka kuma kunna wajen tsimin data don ta daina sako 'yan gajerun bidiyon da ke motsi a bayan waƙa. Apple Music ba ta da ɓangaren kyauta na dindindin, ka cire ta daga lissafi.

YouTube ita ce matsala kuma ita ce taska, don babu inda waƙar Hausa ta taru kamar can, sabuwa da tsohuwa. In dole sai ita, ka taɓa alamar saiti a jikin bidiyon ka zaɓi 144, mafi ƙarancin haske. Hoton zai dushe, sautin kuma zai ishe ka. Sai ka riƙa dubawa, don takan koma yadda take in ka buɗe wani bidiyon. Ga wanda bai biya ba kuma, da ka kashe fuskar wayar sauti yake tsayawa, wato batir ma yana shan wahala, wayar ta yi ta zafi a kan caji.

Ra'ayina, mutum mai ƙaramar waya kada ya tara manhaja biyar. Ɗaya ta saukewa, ɗaya ta rediyo, sun isa. Wasu manhajojin kyauta suna cin data a ɓoye ko ba ka buɗe su ba, sai ka shiga saitin wayar ka hana su cin data a bayan fage.

Rediyon gida daga nesa

Wannan ne ɓangaren da na fi sani, kuma shi na fi so. Rediyon intanet ya girmi duk manhajojin nan: tun 1993 Carl Malamud ya fara watsa hira ta intanet a Amurka, a 1994 kuma tashar WXYC ta wata jami'a a jihar North Carolina ta fara sako shirye-shiryenta kai-tsaye. Yadda muke yi a yau bai canza sosai ba. A ɗakin na'urorinmu akwai waya guda da ta fito daga teburin haɗa sauti ta shiga wata tsohuwar kwamfuta a lungu. A fuskar kwamfutar akwai sanduna biyu kore da ke tsalle in mai gabatarwa yana magana. Ita ke matse sautin ta tura wa wata babbar kwamfuta a ƙasar waje, daga can kowane mai sauraro yake ja. In aka ɗauke wuta kafin janareta ya tashi, ko datar tashar ta ƙare, ko wani ya taka wayar nan da ƙafa, sandunan su kwanta, kai a Agege ka ji shiru, alhali mutanen gari suna ji a akwatinsu lafiya lau. Don haka in tasha ta ƙi kamuwa, sau da yawa laifin ba na wayarka ba ne, kada ka yi ta goge manhaja kana sake saukewa.

Akwai wani bambanci da mutane ba su cika sani ba. Na'urar watsa FM kuɗin man da take sha ɗaya ne, ko mutum goma ke ji ko miliyan. A intanet kuwa kowane mai sauraro da nasa zaren, yawan masu ji yawan kuɗin da tasha za ta biya. Shi ya sa ƙananan tashoshi ke sayen gurbin mutum kaɗan, in ya cika lokacin wani shiri mai farin jini sai na baya ya kasa shiga. Wasu kuma suna fakewa da kamfanonin da ke ɗaukar nauyin watsawar kyauta, irin su Zeno, su kuma su sako tallarsu kafin ka fara jin tashar. In ka ji tallar Turanci ko Faransanci kafin muryar gida ta fito, daga can take.

Mu a wajenmu mun zaɓi tura sauti mara nauyi, da irin matsin da ake kira AAC, wanda ke riƙe murya da kyau ko a ƙaramar lamba. Dalili shi ne muna ganin inda masu sauraro suke. Da dare, in na buɗe shafin ƙididdiga, sai in ga Legas da Fatakwal, Jidda da Makka, Kumasi, Yawunde, Khartum, Tarabulus. Mafi yawansu 'yan ci-rani ne da ɗalibai da direbobi, masu lallaɓa data, a wuraren da netwok ke zuwa yana tafiya. Sauti mai nauyi yankewa yake yi musu. Ina ganin duk tashar Hausa da ke tura 128 kaɗai ba ta yi wa irin waɗannan mutane adalci ba, ko da ba da nufi ta yi ba.

Ta ina za ka kama? Hanya mafi tabbas ita ce shafin tashar kanta. Manyan gidaje irin su Freedom Radio ta Kano, wadda ta fara aiki a Disamban 2003, suna da wajen sauraro kai-tsaye a shafinsu. Sassan Hausa na BBC, wanda ya fara tun 1957, da DW da RFI suna ajiye shirye-shiryensu a shafi, ka ji lokacin da ka samu sarari. Sannan akwai manhajojin da ke tara tashoshi wuri ɗaya. TuneIn tsohuwa ce a wannan fage. Radio Garden kuma, wadda aka ƙirƙiro a Holan a 2016, taswirar duniya ce mai ɗige-ɗige kore, kowane ɗigo gari ne mai tasha; ka murza da yatsa zuwa Kano ko Kaduna ko Yamai ka ji abin da ake yi a can a wannan lokaci. Ba kowace tasha za ka samu ba, sai wadda ta ba da adireshin zarenta kuma yake aiki. Abin da zan hana ka shi ne bin shirin rediyo ta bidiyon kai-tsaye na Facebook. Tashoshi da yawa suna yi, amma kana biyan kuɗin kallon mutum zaune gaban makirfo ne kawai.

Illar rediyon intanet ita ce ba a sauke shi, kowace awa sai ka biya datarta. Don haka ka ware masa lokacin da ya cancanta: labarai, shirin siyasa, zaɓen masu sauraro, filin waƙoƙin gargajiya. Sauran wunin ka koma kan abin da ka sauke. Kada kuma ka manta wayarka mai yiwuwa tana da FM a ciki, wanda ba ya cin data ko kaɗan, iyafis kawai yake so don shi ne eriyarsa, sai dai tashoshin da ke kusa da kai kaɗai zai kamo.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci. Sautin intanet yana makara, daga 'yan sakanni zuwa rabin minti ko fiye, don haka kada ka saita agogo da shi. Wanda ya fi wannan, da azumi kada ka sha ruwa da kiran sallar tashar Kano ko Katsina kana Legas. Rana tana riga faɗuwa a can kafin ta faɗi inda kake, tazarar kuma takan kama daga 'yan mintuna zuwa kusan rabin awa gwargwadon lokacin shekara. Masallacin unguwarku za ka bi.

Maganar wadda aka fasa

Ka ce wa yaron nan ya bari. Ba don tausayin kamfanin nake faɗa ba, don kai nake faɗa. Manhajar da aka fasa wani ne da ba ka sani ba ya buɗe ta, ya cire abin da ya ga dama, ya ƙara abin da ya ga dama, ya rufe, ya saka a wani shafi da babu mai tantance shi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ɓata dare yana wannan aiki akwai abin da yake nema. Wayar da za ka sa ta kuwa ita ce wadda kwastomomi ke turo maka kuɗin ɗinki, ita ke karɓar lambar sirrin da banki ke aikowa ta saƙo. In manhaja ta nemi izinin karanta saƙonninka ko ganin lambobin mutanenka, ka tambayi kanka me mai kunna waƙa zai yi da su.

An taɓa kawo mini wayar wani direba da ke kukan data tana ƙarewa yana barci. Wayar da zafi kamar an ɗauko ta daga rana, talla tana faɗowa ko a kulle take. Muka shiga saiti wajen da ke nuna abin da kowace manhaja ta ci, sai ga wata a saman jeri, ba ta da hoto ba ta da sunan kirki, ta fi WhatsApp da komai cin data. Tare da wata manhajar waƙa da aka tura masa ta shigo. Sai da muka kwashe hotunansa muka wanke wayar gaba ɗaya.

Ko da ka dace da wadda ba ta da cuta, ba ta magance matsalarka ba. Fasawar talla kawai take cirewa, datar da sauti ke ci tana nan. Saukewa don ji ba data kuwa daga kwamfutocin kamfanin ake ba da izininsa, fasasshiyar manhaja ba ta iya buɗe shi. Kamfanin kuma yana iya rufe asusun da ya kama. Haka shafukan nan na sauke waƙa masu maɓalli huɗu duk an rubuta a danna nan: wasu maɓallan rajista suke yi maka da wani tsarin da zai riƙa zarar kuɗin katinka kullum. In ka ga kati yana raguwa ba ka yi kira ba, danna *305# ka duba abin da aka ɗaura maka ka cire. Saƙonnin talla kuma ana tsayar da su ta aika STOP zuwa 2442. In kamfanin layin bai saurare ka ba, layin ƙorafi na NCC shi ne 622.

Haƙƙin mai waƙa

Na ji daɗi da ka yi wannan tambaya, don ba kowa ke yin ta ba. In ka ji waƙa a manhajar da ke da yarjejeniya da masu waƙa, ba ka ci haƙƙin kowa ba, ko da ba ka biya ba. Tallar da ka jure ita ce biyanka. Amma kada in ruɗe ka cewa mawaƙin yana samun abin kirki. Ɗauki Spotify misali. Sai an ji waƙa sakan 30 ake ƙirga ta. Kamfanin yana tara kuɗin talla da na masu biya a kowace ƙasa, ya ware kusan kashi biyu cikin uku ga masu haƙƙi, a raba gwargwadon yawan sauraron da kowa ya samu. Babu tsayayyen farashi na sauraro ɗaya. Tunda talla a Najeriya ba ta da tsada, kuɗin wata ma kaɗan ne in an kwatanta da Turai, sauraro dubu daga Kano bai kai darajar sauraro dubu daga Landan ba, ko kusa. Daga 2024 kuma waƙar da ba ta samu sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, ba a biyan ta komai a wannan rabo. A YouTube, kafin tasha ta fara cin kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Shi ya sa har gobe mawaƙin Hausa da biki da taro da iyayen gida yake rayuwa, kuɗin intanet ƙari ne, sai ga 'yan ƙalilan da suka yi nisa.

Duk da haka kaɗan ɗin nan ya fi babu, kuma adadin sauraron kansa yana da amfani, don shi mawaƙi ke nunawa in ana cinikin wasa ko talla. Waƙar da aka tura maka ta Xender ba ta shiga kowane lissafi. Wadda ka sauke a cikin manhaja kuwa galibi ana ƙirga jin da ka yi mata in wayar ta sake hawa intanet.

Inda haƙƙi ya fi salwanta a wajenmu shi ne wajen wanda ya ɗora waƙar. Wani yaro mai waƙar yabo ya taɓa zuwa wurina da memori a aljihu, yana son a buɗe masa asusu. Da muka rubuta sunansa a wajen nema sai ga waƙoƙinsa sun fito, da hotonsa, a asusun wani da bai taɓa jin sunansa ba, an daɗe ana ji. Wani ne ya tsinci waƙoƙin a WhatsApp ya kai wa kamfanin rarrabawa a matsayin nasa. Kafin a sauke su sai da aka yi ta aika saƙo da hujjoji, har da ainihin fayilolin situdiyo. Irin wannan ya yi yawa, kuma ya fi muni a kan waƙoƙin magabata.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris ɗin 2023, tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, ɗaukar sautin kuma tana da nata wa'adin na shekara 50. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan waƙoƙin da ya ƙirƙira suna cikin kariya har ƙarshen 2069, kuma magadansa ke da magana a kansu. Dokar ta kuma tanadi hanyar da mai haƙƙi zai nemi a cire abinsa daga intanet. A Nijar hukumar BNDA ce ke kula da wannan fanni. Ni ba lauya ba ne, wanda ke da rigima ta haƙiƙa ya nemi lauya ko ofishin Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya. Amma a matsayin mai sauraro akwai abin da ke hannunka.

In ka nemi waƙa ta fito a wuri biyar, ka duba wanda ya ɗora. Asusun mawaƙi na gaskiya yakan kasance da alamar tantancewa kusa da suna, waƙoƙinsa a jere da kwanan watan fitarsu, kuma shi ne wanda yake tallatawa da bakinsa a shafukansa. Asusun da ya haɗa mawaƙa ashirin, da barkwanci, da guntayen finafinai, da sunan waƙa a rubuce ba daidai ba, na ɗan tsince-tsince ne. A waƙoƙin da, wani lokaci ba ka da zaɓi, don wanda ya kwafo daga kaset ɗin shi kaɗai ya ɗora, kuma ba don shi ba da ba za a ji ta ba sam. Amma inda iyalan mawaƙi ko situdiyon da ya yi aikin suka buɗe tasu tashar, can za ka je ka saurara, ka danna bin ta, in tallar farko ta zo ka bar ta ta ɗan yi kafin ka tsallake.